Yadda Ake Sauraro da Tantance Baƙin Sautukan Ƙarƙashin Teku

A shekarar 1997, na'urorin sauraro da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, ta dasa a Tekun Fasifik sun naɗi wani sauti mai tsananin ƙarfi da ya taso daga can kudu, yamma da ƙarshen nahiyar Amurka ta Kudu. Na'urori da dama sun ji shi daga nisan fiye da kilomita 5,000. Aka laƙaba masa suna Bloop, saboda ya yi kama da ƙarar kumfar iska idan ta taso ta fashe a saman ruwa, kuma aka shafe shekaru ana yaɗa cewa wata halitta ce da ta fi duk dabbar da aka sani girma. Wannan sauti da ire-irensa suna nan a ajiye, kuma duk mai waya ko kwamfuta yana iya sauraronsu ko da bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Abin da ke buƙatar koyo shi ne yadda za a saurare su da basira, domin kunne shi kaɗai yana saurin ruɗuwa a wannan fage.

Kafin ka buɗe kowane faifai, ya kamata ka san dalilin da ya sa masana teku suka dogara da ji fiye da gani. Hasken rana yana raunana ƙwarai da zarar an wuce zurfin mita 200, kuma daga mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne baƙi ƙirin, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai kusan mita 3,700. Sauti kuwa ruwa ya fi karɓarsa fiye da iska: yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, a iska kuma kusan mita 340 kawai. Bayan haka, akwai wani sashe na ruwan, a zurfin kusan mita 1,000 a yankuna da yawa, inda sanyi da nauyin ruwa suka haɗu suka sa gudun sauti ya fi raguwa. Sautin da ya shiga wannan sashe ba ya saurin kuɓuce masa, domin idan ya nufi sama ko ƙasa sai ya lanƙwaso ya dawo, kamar ruwan da aka kama a cikin bututu, ya yi ta tafiya dubban kilomitoci. Maurice Ewing da Lamar Worzel ne suka gwada wannan a 1944, kuma ana kiran sashen SOFAR. A kansa ne sojojin ruwan Amurka suka gina tsarin sauraronsu mai suna SOSUS tun daga shekarun 1950 domin bibiyar jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, kuma bayan yaƙin cacar baka aka bar masana kimiyya suka fara amfana da shi. Riƙe wannan a zuciyarka: jin sauti daga nesa mai yawa ba lallai ne ya nuna girman abin da ya yi shi ba, domin hanyar da ya biyo tana da nata rabon.

Aikin farko shi ne neman faifan daga inda aka naɗe shi. Bidiyoyin da ke yawo a YouTube da Facebook sau da yawa an ɗora musu kiɗa mai tayar da hankali, an ƙara musu amo, ko an matse su har ɓangaren sautin mai kauri ya lalace, kuma irin wannan faifai ba ya da amfani ga mai bincike. Cibiyar nazarin Tekun Fasifik ta NOAA, mai suna PMEL, ita ce ta fitar da Bloop da 'yan uwansa, tare da ranar naɗa da hoton kowane sauti. Cibiyar nazarin teku ta Woods Hole tana da rumbun muryoyin dabbobin ruwa mai ɗauke da sunan William Watkins, wanda zai yi maka amfani wajen kwatance. Cibiyar MBARI da ke Kalifoniya kuma tana da na'urar sauraro a zurfin kusan mita 900 a mashigin Monterey tun 2015. Duk faifan da ka samu, ka rubuta abubuwa huɗu kafin ka saurara: ranar da aka naɗe shi, wurin da na'urar take, hukumar da ta naɗa, da kuma yawan ninkin gudun da aka yi masa, wato sau nawa aka hanzarta shi. Faifan da ba ya ɗauke da waɗannan bayanai, ka ajiye shi gefe.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana buƙatar abin sauraro na kunne mai kyau, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai, sannan kana buƙatar manhajar gyaran sauti irin su Audacity, wadda kyauta ce, ko Raven Lite ta jami'ar Cornell. Ka fara da ƙarar a ƙasa, ka ƙara a hankali, saboda wasu sautukan suna fashewa ba zato.

Maganar ninkin gudu ita ce inda mafi yawan mutane suke faɗawa kuskure, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Ana auna kauri ko sirantar sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, abin da ake rubutawa Hz. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan kaɗawa 20 zuwa 20,000. Da yawa daga cikin sautukan zurfin teku suna ƙasan wannan iyaka ko dab da ita, saboda haka masana sukan hanzarta faifan domin ya shigo inda kunne zai kama shi. Wanda ya yi zamani da rediyo mai kaset ya san yadda muryar mawaƙi ke yin kauri ta ja jiki idan batir ya yi sanyi, da yadda take sirancewa idan zaren ya yi gudu fiye da kima. Abin da ake yi wa waɗannan faifai ke nan da gangan. Bloop ɗin da kowa ya sani an ninka gudunsa sau 16. Ma'anar haka ita ce, abin da ka ji a cikin daƙiƙa huɗu ya ɗauki fiye da minti ɗaya a cikin teku, kuma kaɗawa 480 da manhajarka ta nuna asalinta 30 ce kacal. Siffar nan ta kumfa mai fashewa, wadda ta sa mutane suka riƙa hasashen wata dabba tana buɗe baki, hanzartawar ce ta ba shi ita.

Domin ka mayar da shi yadda yake, ka buɗe faifan a Audacity, ka zaɓi umarnin da ke canza gudu tare da kaurin murya a lokaci guda, ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 16, wato 0.0625. Kada ka zaɓi wanda ke canza gudu ya bar muryar yadda take, irin abin da WhatsApp ke yi idan ka hanzarta saƙon murya, domin wannan ba zai dawo maka da asalin sautin ba. Abin da za ka ji bayan haka rugugi ne mai nauyi, mai kama da tsawa daga nesa, kuma wani ɓangarensa za ka fi jin sa kamar girgiza a kunne fiye da sauti. A ganina duk wanda ya yi wannan gwaji sau ɗaya, ra'ayinsa game da Bloop zai fara sauyawa tun kafin ya karanta bayanin masana.

Daga nan sai ka koma kallon sautin. Manhajojin nan suna iya zana hoton sauti, inda lokaci ke tafiya daga hagu zuwa dama, sauti mai kauri yana ƙasa, siriri yana sama, launi kuma yana nuna ƙarfi. Ka taƙaita hoton ga ɓangaren ƙasa, domin a can labarin yake. Da sabo za ka fara gane siffofi. Injin jirgin ruwa yana zana layuka a kwance, dogaye, da ba sa motsi sosai. Bindigar iska da masu neman man fetur ke harbawa cikin ruwa domin auna ƙasan teku tana zana layuka a tsaye, a jere, da tazarar da ba ta sauyawa, galibi daƙiƙa goma zuwa ashirin, har na tsawon kwanaki. Girgizar ƙasa tana bayyana kamar tabo mai faɗi a can ƙasa, ta kumbura sannan ta lafa a hankali. Dabbar wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, nau'in da ake kira fin, tana fitar da gajerun bugu a kusan kaɗawa 20, kowanne kusan daƙiƙa ɗaya, tana maimaitawa. Tsaunin ƙanƙara, wato ƙaton ɓallin ƙanƙara mai yawo a kan ruwa, idan yana gugar ƙasan teku kuma yakan zana layuka bisa layuka kamar matakan tsani, suna hawa ko sauka tare.

Tambayar daga ina sauti ya taso ba a amsa ta da na'ura ɗaya. Ana kwatanta lokacin da ya isa na'urori uku ko fiye da ke wurare daban-daban, a yi lissafi da gudun sauti a ruwa. Sautin da zai yi tafiyar kilomita 5,000 yana buƙatar kusan minti 55, saboda haka bambancin lokacin isowa yana da girman da za a iya aunawa da kyau. Misalin da ya fi nuna ingancin wannan hanya mai baƙin ciki ne. A ranar 15 ga Nuwamba 2017 jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Ajantina, ARA San Juan, ya ɓace da mutum 44 a ciki. Tashoshin sauraro biyu na hukumar sa ido kan gwajin makaman nukiliya, ɗaya a tsibirin Ascension a Tekun Atlantika, ɗaya a tsibiran Crozet a kudancin Tekun Indiya, kowace da na'urori da dama, sun naɗi wata gajeriyar ƙara a ranar, kuma bayan shekara guda aka gano jirgin a zurfin kusan mita 900, ba da nisa da inda lissafin ya nuna ba. Kai ba za ka yi wannan lissafi da kanka ba, amma ka duba ko an yi shi, ka kuma nemi wurin a taswira. Idan alkiblar sauti ta nufi Antaktika, ka fara tunanin ƙanƙara. Idan ta faɗa kan jerin tsaunukan ƙasan teku inda duwatsu ke aman wuta, ka fara da can. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana da kundin girgizar ƙasa da kowa ke iya dubawa da rana da wuri, kuma yana da kyau ka gwada ranar faifanka da shi.

Yanzu sai tacewa, kuma ƙa'idarta ita ce a fara da abin da ya fi yawa a teku kafin a tafi ga abin da ba a taɓa gani ba. Jiragen ruwa da ayyukan mutane su ne na farko, domin amonsu ya cika teku. A 2015 masanan NOAA sun saukar da na'urar sauraro zuwa Challenger Deep, wuri mafi zurfi da aka sani a duniya, kusan mita 11,000 a ramin Mariyana, suna tsammanin shiru, sai ga ƙarar jiragen ruwa, da girgizar ƙasa, da muryoyin wel, har da guguwar da ta wuce ta sama. Bayan mutane sai ƙasa da duwatsu masu aman wuta, sannan ƙanƙara, sannan dabbobi.

Ƙanƙara ce ta warware Bloop. Tsakanin 2005 da 2010 masanan NOAA, ciki har da Robert Dziak, sun dasa na'urori kusa da Antaktika, a mashigin Bransfield da na Drake, suka naɗi ƙarar manyan ƙanƙara suna tsagewa da fashewa, kuma hoton waɗannan sautuka ya yi daidai da na Bloop. A farkon 2008 sun bi wani tsaunin ƙanƙara mai lamba A53a da kunne yayin da yake wargajewa kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu. Haka kuma bayanin da ya fi ƙarfi game da sautin Slow Down, wanda aka naɗa ranar 19 ga Mayu 1997 yana saukowa a hankali cikin kusan minti bakwai, shi ne tsaunin ƙanƙara ne ya dafe ƙasan teku yana jan jiki har ya tsaya. Sautin Julia na ranar 1 ga Maris 1999, wanda mutane da yawa ke cewa ya yi kama da kukan mace, shi ma ga ƙanƙara aka jingina shi.

A nan akwai tarko biyu da suke fuskantar juna, kuma sanin su shi ne rabin wannan aiki. Na farko shi ne ɗaukar duk sautin da ke hawa da sauka kamar murya a matsayin na mai rai, abin da ya faru da Bloop da Julia. Na biyu kishiyarsa ne: ɗaukar duk sautin da ke maimaita kansa daidai wa daida a matsayin na inji. Tun shekarun 1960 ma'aikatan jiragen ƙarƙashin ruwa suke jin wani sauti a Tekun Kudu mai kama da kukan agwagwa, yana maimaituwa da tsari har wasu suka ɗauka na'ura ce. Sai a 2013 aka manna wa wel biyu na nau'in minki na'urorin naɗa a gaɓar Antaktika, kuma a 2014 Denise Risch da abokan aikinta suka tabbatar cewa su ne masu wannan kuka. Shekara hamsin ke nan ana jin muryar dabbar da aka riga aka sani, ba tare da an haɗa muryar da mai ita ba. Irin haka ya faru a ƙasar Suwidin, inda bayan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet ya maƙale kusa da Karlskrona a 1981, sojojin ruwa suka yi shekaru suna zargin wani sauti mai kama da soyuwar mai da cewa alamar jiragen abokan gaba ce, har masanan kifi Magnus Wahlberg da Håkan Westerberg suka nuna a shekarun 1990 cewa garken kifin herin ne ke sakin iska daga jikinsu.

Hujjar da ake karɓa a kan dabba ita ce a gan ta a kuma naɗi sautin a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, sau da dama. Da haka aka warware sautin Biotwang, wanda aka fara ji a 2014 a yankin Mariyana, mai farawa da gurnani ya ƙare da ƙara kamar ta ƙarfe: a 2024 aka tabbatar da cewa na wel ɗin Bryde ne, bayan masu bincike sun ga dabbobin sun kuma naɗi sautin tare da su. Idan wani ya ce maka dabba kaza ce ta yi sauti kaza, ka nemi wannan haɗuwar ta ido da kunne a cikin bayaninsa.

Ka kuma yi hattara da abin da zuciyarka ke son ji. A watan Yunin 2023, lokacin da ake neman ƙaramin jirgin nitso Titan da mutum biyar a cikinsa, an ji wasu sautuka kamar ana bugun ƙarfe, duniya ta ɗauka mutanen ne ke neman agaji, daga baya aka gano cewa jirgin ya riga ya murƙushe tun ranar da ya nitse. Fata da tsoro duka suna shiga tsakanin sauti da mai sauraro. Maganin da na fi yarda da shi shi ne ka rubuta siffar abin da ka gani da lambobi kafin ka ba shi suna: ya fara a kaɗawa nawa, ya ƙare a nawa, ya ɗauki tsawon wane lokaci, sau nawa ya maimaitu, a wane wata. Bayan ka gama wannan ne za ka karanta abin da wasu suka faɗa a kansa.

Bayan duk wannan tacewa akwai abin da zai rage, kuma ya cancanci ka ba shi lokaci. A 1989 William Watkins da abokan aikinsa suka lura da wata murya a arewacin Fasifik mai kaɗawa 52, mai tsari irin na wel amma ta fi ta shuɗin wel da ta fin siranta. Sun bi sawunta shekara 12 a jere daga 1992, suna ganin tana ƙaura da yanayi kamar sauran wel, ba tare da an ga mai ita ba. Wasu masana suna ganin ƙila haihuwar haɗin nau'i biyu ce. Idan za ka nazarci wannan faifai, ka jera hotonsa da na shuɗin wel da na fin daga rumbun Watkins, ka tabbatar ninkin gudunsu ɗaya ne, sannan ka duba inda suka yi kama da inda suka rabu.

Idan ka tashi ba wa wasu labarin abin da ka ji, ka bambanta matakai uku a maganarka: abin da aka tabbatar, kamar kukan agwagwar da aka kama wel ɗin minki da shi, abin da aka fi zato, kamar jingina Julia ga ƙanƙara, da abin da har yanzu ake bincike a kansa. Ka haɗa da ranar naɗa da ninkin gudu duk lokacin da ka tura faifai, domin rashin waɗannan biyun ne ya fi ciyar da jita-jita gaba.

Wanda yake son gwada duk matakan nan a kan sauti guda, ya ɗauki Upsweep. An fara naɗarsa a watan Agustan 1991, lokacin da PMEL ta fara sauraron Fasifik, kuma jerin sautuka ne masu hawa daga ƙasa zuwa sama, kowanne na 'yan daƙiƙoƙi, suna bin juna. Faifan da aka fitar an ninka gudunsa sau 20, don haka a nan da 20 za ka raba lambobinka, ba da 16 ba. Lissafi ya nuna tushensa a kudancin Fasifik, kusan tsakiyar tazarar da ke tsakanin Niyu Zilan da Amurka ta Kudu, a yankin da duwatsun ƙasan teku ke aman wuta, abin da ya sa aka fi karkata ga cewa narkakken dutse ne ke haɗuwa da ruwa. Sai dai ƙarfinsa yana ƙaruwa sau biyu a shekara, amma a jimlace yana ta raguwa tun daga 1991, kuma masana ba su yanke hukunci ba ko tushen ne ke sauyawa ko kuwa ruwan da sautin ke ratsawa kafin ya iso na'ura. Ka buɗe taswira, ka nemi digiri 54 kudu da digiri 140 yamma, ka ajiye hoton sautin kusa da na girgizar ƙasa da na ƙanƙara, ka rubuta abin da ka gani.